Taken Baba a Ƙofar Gidan Bawa Kirya

Tun ranar da na dawo daga Jega ina ɗingishi, shagona ya zama kotu. Wanda ya kawo ɗinki sai ya tambaya, wanda ya zo karɓa sai ya tambaya, har waɗanda ba su taɓa kawo mini ko facin wando ba sun gano hanyar shagon. "Garba, wai da gaske tsohonka ya tuɓe riga a bainar jama'a?" "Garba, wai kokawa ka shiga aka karya ka?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai wa na gaba. Tunda ƙafar da nake taka keken ɗinki da ita tana naɗe, hannu kuwa lafiyarsa lau, bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta ya bar ni in huta.

Dole in fara da Baba. Ku mutanen Zariya kun san Malam Umaru mai hatsi, na sahun gaba a masallaci, wanda ko a rediyo aka sa kiɗa sai ya tashi ya bar wurin. To, a Jega aka haife shi, kuma a can babu mai ce masa Malam Umaru. Turmi suke kiransa. Ɗan kokawa ne da ya yi zamaninsa. Kowace kaka, in an gama girbi, yakan bi garuruwa da makaɗa, duk ƙaton da aka fito masa da shi ya kai shi ƙasa, ban da mutum ɗaya: Bawa Kirya na Giwa Tazo, wani ƙauye a ƙasar Maiyama. Sau bakwai suka kara. Baba ya kayar da shi sau uku, shi ma ya kayar da Baba sau uku. Karo na bakwai a Jega aka yi shi, suna riƙe da juna tun bayan la'asar har aka kira magariba, dattawa suka shiga suka raba su, aka ce sai wata kakar. Kafin wata kakar ta zo Baba ya taho Zariya neman abinci, ya yi aure, aka haife ni. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ba su sake ganin juna ba.

Na tashi ina jin sunan Bawa Kirya fiye da sunan kakana. In nama ya yi tauri, Baba ya ce kan Bawa aka dafa. In jakin dako ya turje a ƙofar kasuwa, ya ce ga Bawa nan ya zo Zariya. Ina yaro na ɗauka wani dodo ne. Da na girma na lura da wani abu guda: Baba yana iya zagin Bawa daga safe har yamma, amma ranar da wani abokin cinikinsa ya taya shi da kalma ɗaya, sai da ya yi mako bai amsa gaisuwar mutumin ba.

Sai ga wasiƙa ta zo ta hannun wani direba. Kulu ce ta aiko, 'yar Bawa, wani malamin firamare na Maiyama ya rubuta mata. Ni na karanta wa Baba. Ta ce da girbin bana mahaifinta ya ɗauki damin gero a ka, ƙafa ta gurɗe masa, ya faɗi rigingine a gaban samari, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya warke, malamin asibiti ya duba shi ya ce babu abin da ya karye. Amma tun daga ranar ya shiga ɗaki ya juya fuska bango, wata biyu ke nan. Ba ya fita, ba ya magana, abinci sai an yi da gaske yake kurɓar kunu. Ta ce ta ji tsoro mutuwa yake jira, kuma a duk duniya sunan mutum ɗaya ta sani da yake sa shi ya ɗaga murya.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ni likita ne? Ya yi ta kwanciya mana." Ya shiga gida. Da asuba bayan salla na iske shi ya ɗaure kayansa a zaure, yana cewa ya daɗe bai ga ƙanwarsa ta Jega ba, zumunci kuwa wajibi ne. Innata ta ce ba zai tafi shi kaɗai da wannan gwiwar tasa ba. Haka aka tura ni, ni da ban taɓa wuce Funtuwa ba, kuma mota in ta yi gudu cikina yake juyawa.

Mun shiga bas a tasha, aka matse mu mu biyar a kujerar mutum huɗu. Ni ba ni da jiki, kun san ni, don haka aka ɗauke ni a matsayin rabin mutum, aka saka ni tsakanin Baba da wata hajiya mai kwandon kaji. Bayan mun wuce Funtuwa muka iso shingen 'yan sanda a iyakar jiharmu da Jihar Sakkwato. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani ɗan sanda ya kwance ƙullin Baba, ya ciro wata tsohuwar fata baƙa, ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya ce mene ne wannan. Ni kaina ban san da ita a kayan ba. Warki ne, fatar da 'yan kokawa ke ɗaurawa a ƙugu. Baba ya ce buzun salla ne. Ɗan sandan ya dubi fatar, ya dubi faɗin kafaɗar Baba, ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya karɓi ibada, Baba." Da muka koma mota na buɗe baki zan yi tambaya, ya ce in kula da kajin hajiya, ɗaya na cin igiyar takalmina.

Wani abin mamaki ya faru bayan shingen nan. Kafin mu kai Gusau harshen Baba ya fara sauyawa. Mutumin da na sani yana cewa "lafiya" ya koma "lahiya", "suka" ta zama "sunka". Kafin Sakkwato har dariyarsa ta sake, ta yi kauri. Muka kwana a Sakkwato gidan wani dillalin hatsi da ya san shi, aka kawo mana fura a ƙwarya. A gida fura abin sha ne bayan abinci. A can kuwa ita ce abincin, mai kauri da yaji, ludayi yana tsayawa a ciki da ƙafarsa. Na sha na zauna ina jiran tuwo, har na ga an shimfiɗa mana tabarma.

Washegari muka kama hanyar Jega a motar a-kori-kura, mu a baya. A Aliero direba ya tsaya ɗaukar albasa. Garin nan albasa ce sana'arsa, tun kafin ka gan shi hancinka ya gaya maka ka iso. Aka yi ta loda buhuna har aka ce fasinja su sauko su hau kansu. Baba, mai shekara sittin da wani abu da ciwon gwiwa, ya dira ƙasa lafiya. Ni ɗan talatin na dira, ƙafar dama ta lanƙwashe, na zube a gaban mata masu tallar gyaɗa.

In mutum zai yi targaɗe, to ya yi shi a Aliero, don garin masu ɗori ne. Aka ɗauke ni cak zuwa wani zaure, inda na iske mutane jere, wani da hannu a ɗaure da kara, wani da cinya. Mai ɗorin dattijo ne siriri mai sanyin murya. Ya kama ƙafata yana shafawa, amma idonsa na kan Baba. Can ya ce, "Kai, ba Turmi na ba?"

Baba ya ce, "Shi na."

"Allahu akbar! Ubana yaɗ ɗora maka kahwaɗa, shekarad da Bawa Kirya yam maka ka da ƙasa garin Kashin Zama. Ina nan, ni ar riƙe da ƙwaryar ruwa."

Baba ya ce santsi ne ya ja shi ranar, kowa ya sani. Mai ɗori ya ce ƙwarai kuwa, santsi a tsakiyar rani. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wanga aɗ ɗanka?" Baba ya ce shi ne. Dattijon ya girgiza kai, ya ce albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Duk zauren aka fashe da dariya, har da masu karaya. Ina shirin in ji haushi ya murɗa ƙafar, na ji ƙas, na yi ihun da ya sa kajin unguwa suka watse. Ashe da gangan yake sa mutum magana don hankalinsa ya tafi wani wuri. Ya tofa addu'a, ya shafa man shanu, ya naɗe, ya ce kada in taka da ƙarfi sai bayan mako uku. Kafin mu fita ya riƙe hannun Baba, ya rage murya, ya ce ya ji labarin Bawa, kuma irin wannan karayar ba a ɗora ta da kara.

Mun iso Jega da azahar. Gwaggo Ai, ƙanwar Baba, ta gan shi ta yi kuka, ta yi masa faɗa, ta sake kuka. Gaisuwa a can ba irin tamu ba ce ta tsaitsaye. Sai an tambayi gida, gajiya, iyali, sanyi, kasuwa, a yi shiru kaɗan, sannan a koma farko. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi na gulbi, na ci har na manta da ƙafa. Labari ya zaga cewa Turmi ya zo, tsofaffi suka cika zaure, kowanne sai ya gaisa da Baba, ya waiwayo ya tambaya ko ni ne ɗan, ya yi shiru na tausayi. A bakinsu na ji karo na bakwai sau biyar, kuma babu biyu da suka yi daidai. Wani ya ce Bawa ya kusa kai gwiwa ƙasa, wani ya ce Baba ne ladan ya ceta. Har yau garin a rabe yake, akwai 'yan Turmi, akwai 'yan Kirya, wasu ma ba a haife su ba lokacin da aka yi abin. Da la'asar Baba ya kai ni filin da aka yi karon. Yanzu makaranta ce, yara na buga ƙwallo a wurin. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Gari na wayewa zancen zumunci ya ƙare, ya ce mu je Maiyama. Daga Maiyama babu motar Giwa Tazo ranar, sai aka samo mini jaki saboda ƙafa. Haka muka shiga ƙauyen, tsoho a ƙasa yana jan akala, saurayi a kan jaki. Duk wanda muka gamu da shi sai ya yi mini kallon marar tarbiyya.

Kulu ta tarbe mu a zaure. Mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, da ganinta ka san 'yar waye. Ta durƙusa ta gai da Baba, ta ce, "Baba, kai aka hwaɗi kullum gidan ga. Yau na gan ka." Ta kai mu ɗakin. Na shiga da tsoron dodon ƙuruciyata, na iske wani tsoho kwance a gadon kara, ya ba mu baya. Ƙashin jikinsa irin na manya ne, amma naman ya zube. Ga ƙwaryar kunu a gefe, ƙuda na bi.

A nan Baba ya yi kuskure, kuma duk mai hankali da shi zai yi. Ya zauna a bakin gado, ya sassauta murya, ya ce, "Bawa, sannu. Ƙaƙa jiki? Allah shi ba ka lahiya. Hanƙuri za ka yi, tsuhwa ta kowa ta." Ya yi masa nasiha mai kyau, irin wadda yake yi wa marasa lafiya a unguwarmu, har da ayoyi. Na ga kafaɗar Bawa ta motsa da ya ji muryar. Amma da "sannu" ta yi yawa, sai ya ja mayafi ya rufe kansa. Muka zauna har azahar, ko uffan. Da muka fito Kulu tana share hawaye da bakin zane, ta ce kowa abin da yake ce masa ke nan, sannu, sannu, tun ranar da aka ɗaga shi daga ƙasa.

A hanyar komawa, da muka hango Maiyama, sai Baba ya ja akalar jaki. Ya tsaya, ya bugi cinyarsa, ya ce, "Ni aj jaki, ba wanga da kaka bisa ba. Na tai na yi ma Bawa Kirya sannu! Da ni na kwance yaz zo yac ce mani sannu, da nan take na mutu don haushi." Ya ce gobe za mu Jiga Makera neman Labbo.

Labbo shi ne makaɗin da ya yi musu kiɗa a karo na bakwai. Sai in yi muku bayani, ku da ba ku san kokawa ba. Kowane gwani yana da takensa, wato kiɗan da aka yi masa shi kaɗai. In aka kaɗa taken mutum, ko tuwo yake ci sai ya ajiye ya fito. Kuma akwai ladabi a ciki. Baƙo ba ya shiga garin gwani a kaɗa masa takensa sai an kai fili an yi sallama. A kaɗa taken wani a ƙofar gidanka kuwa, wannan cin fuska ne, ma'anarsa babu namiji a gidan.

Muka koma ta Jega, muka hau zuwa Aliero, muka gangara Jiga Makera. Muka iske Labbo a gona yana tattara kara, ɗan tsoho gajere da haƙori uku. Ya ga Baba ya saki kara ya fara yi masa kirari, Baba yana cewa ya bari, ya bari, amma na ga ƙirjinsa na tasowa. Labbo ya ce ya daina kiɗa shekara goma, gangar na rataye a rumbu, ɓera ya ci fatar. Baba ya sayi fatar akuya a wurin wani mahauci, muka yi kwana biyu a garin ana jiƙa ta ana ɗaurawa ana shanyawa. Matar Labbo ta ciyar da mu dambun gero da zogale, ta kuma ɗauke ni a matsayin aikinta na musamman, wai ba za a ce ɗan Turmi ya kwana gidanta ya fita haka ba. Ban taɓa cin abinci don kare mutuncin ubana ba sai a garin nan.

Muka koma Giwa Tazo mu uku, bayan la'asar, ni dai a kan jakina. Labbo ya tsaya a ƙofar gidan Bawa, ya rataya ganga, ya ɗaga gula, ya fara taken Bawa. Ƙauyen ya taru nan da nan. Tsofaffin mata suka fara guɗa, wasu dattawa na kuka. Labbo ya yi ta kaɗawa yana kiran Kirya mai karya gatari, har gumi ya jiƙa shi. Kulu ta shiga ta fito, ta girgiza kai. Ta ce Bawa ya toshe kunne da mayafi, ya ce mutumin da ake kira ya mutu tun da girbi.

Labbo ya sauke gula. Ni na riga na sallama, ina tunanin yadda zan lallashi Baba mu koma gida.

Sai na ga Baba ya cire hula ya miƙo mini. Ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini. Ya tuɓe 'yar ciki. A ƙugunsa, a kan wando, ga buzun sallar nan a ɗaure. Malam Umaru na sahun gaba, da furfura a ƙirji da tumbi, tsaye a gaban mata da yara. Na ji kunya ta kama ni har kunnena, ba zan ɓoye muku ba. Ya ce, "Labbo, kaɗa nawa."

Labbo ya zaro ido. "Nan? Ƙohwag gidanai? Turmi, so kakai a yi muna rotse?"

"Kaɗa, nic ce."

Labbo ya yi bisimilla ya kaɗa. Ban taɓa jin taken ubana ba sai ranar. Kiɗa ne mai nauyi, a hankali, irin bugun taɓarya. Fuskokin mutane suka sauya. Guɗa ta tsaya. Wasu samari suka fara matsowa suna gunaguni, wani dattijo ya tare su da sanda. Baba ya shiga tsakiyar fili yana taka rawa da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗebi ƙasar ƙofar gidan ya watsa sama, ya buɗe murya:

"Ni na Turmi sha daka! Na zo Giwa Tazo, ban ishe kowa ba! An ce akwai Kirya garin ga, ashe gara ta cinye ta! Ku shaida, karo na bakwai nawa na, mai gida ya gudu ya ɓoye cikin mata!"

Kulu ta rufe baki da hannu. Ni kuwa ina neman inda zan bi in an fara jifa, da ƙafa ɗaya. Labbo ya ƙara wa gangar wuta. Baba ya sake zagayawa, ya sake faɗa, ya ƙara da abin da ba zan rubuta ba.

Daga cikin gida muka ji wani abu ya faɗi, ƙwarya ce ta fashe. Sai murya, a dushe amma da kauri: "Wane ɗan banza na ka kiɗan Turmi ƙohwag gidana?"

Asabarin zaure ya ɗaga. Bawa Kirya ya fito dafe da bango, zane ɗaure a ƙugu, ƙafafunsa na rawa, rana ta kashe masa ido. Kulu ta zabura za ta riƙe shi, ya daka mata tsawa. Ya saki bangon. Taku bakwai ne tsakaninsa da Baba, na ƙirga su, kuma a kowanne na ɗauka zai zube. Babu wanda ya motsa. Ya iso, ya dubi Baba ido cikin ido, ya ce, "Ka yi tumbi." Baba ya ce, "Kai ko ka zama tsinke." Bawa ya ce, "Da kirya aka sassaƙa turmi, in ka manta." Ya kai hannu ya cafki warkin Baba, Baba ya cafki ƙugunsa, suka haɗa kai.

Labbo ya rasa taken wa zai kaɗa, sai ya riƙa haɗa su biyun. Ƙauyen ya rikice da ihu. Su kuwa suna tsaye, kafaɗa da kafaɗa, suna nishi. Suka matsa dama kaɗan, suka dawo hagu. Na ga Bawa yana neman sa wa Baba ƙafa, wallahi da gaske yake nema. Na ga jijiyoyin hannun Baba sun tashi, gumi na zuba, bayansa na karkarwa. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Ni dai na san ina rungume da rigar ubana ina ihu, "Turmi! Turmi!" a garin mutane, ni da ban taɓa kallon kokawa ba.

Aka kira magariba. Dattijon nan mai sanda ya shiga, yana dariya yana hawaye, ya dafa su ya ce an raba, canjaras. Aka kawo tabarma, suka zube a kai tare suna haki. Bawa ya ce, "Ladan ya sake cetonka." Baba ya ce ai shi aka ceta. Bawa ya juya ya ce, "Kulu, mi kunka dahwa gidan ga? Ku kawo tuwo, baƙo na jin yunwa." Aka kawo, kuma ba baƙon ne ya cinye rabin akushin ba. Da Bawa ya ƙoshi ya lura da ni, ya tambaya ko ni ne ɗan. Na shirya jin abin da na saba ji. Sai ya ce, "Yana da murya dai. Na ji shi tun daga cikin hili." Duk tafiyar nan babu wanda ya yabe ni sai dodon ƙuruciyata, kuma na ji daɗi har raina.

Mun yi kwana uku a gidan. Kullum da safe Bawa yana fitowa zaure da kansa don kada Baba ya riga shi ba da labarin karo na biyu. Ranar da za mu tafi ya rako mu har bakin gari da sanda. Bai yi godiya ba, Baba ma bai nema ba. Ya ce, "Kaka mai zuwa ka dawo mu ƙare ta. In ka mutu kahin nan, gudu ka yi." Baba ya ce shi ma ya ci abinci, don ba ya son a ce ya kayar da mai jinya.

A motar dawowa na lura Baba ba ya iya ɗaga hannunsa ko ya gyara hula, kwana huɗu bayan karon. Na gyara masa. Bayan mun wuce Tambuwal na kasa haƙuri, na ce, "Baba, tsakani da Allah, mutumin nan ko iska ta buga shi faɗuwa zai yi. Me ya gajiyar da kai haka?"

Ya dubi hanya. Sannan ya ce, "Tun da ya kama ni ƙafafunsa suka saki. Duk nauyinsa a hannuna yake. Da na sassauta kaɗan da ya tafi ƙasa, a ce na ci." Ya goge ido da kafaɗa, tunda hannun ba ya ɗaguwa. "Shekara talatin ina roƙon Allah ya nuna mini bayan Bawa a ƙasa. Ranar da aka ba ni, ban taɓa riƙe wani abu da ƙarfi irin yadda na riƙe shi ba."

To, kun ji yadda aka yi ni da tsohona muka dawo, ni da ƙafa a naɗe, shi da hannu a sanƙare. Wanda ya ga Malam Umaru kwanan nan yana ɗaga buhun gero shi kaɗai a kasuwa, ya hana 'yan dako taɓawa, kada ya yi masa sannu. Shirin kaka yake yi.